Kwamitin Zuwa Ganin Zaki

Ranar da na gaya wa Hajiyarmu cewa za ni Tanzaniya, ba ta tambayi nisan wurin ba, ba ta kuma tambayi kuɗin jirgi ba. Ajiye carbinta ta yi ta ce, "Wa ya rasu?" Na ce babu kowa. "Biki ne?" A'a. "To wajen aikinku ne suka tura ka?" Na ce hutu ne, Hajiya, za mu je kallon namun daji, daga nan mu wuce bakin teku mu sha iska. Ta dube ni tun daga hula har takalmi, sannan ta ce, "Iskar garin nan ƙarewa ta yi?"

Ban ga laifinta ba. Bahaushe matafiyi ne tun fil azal, amma bai taɓa ɗaura kaya babu dalili ba. Kakanninmu sun kora jakuna har Gwanja neman goro, sun taka a ƙasa ta Chadi da Sudan zuwa aikin hajji, wasu ma zamansu ya tabbata a hanya. Akwai ci-rani, akwai tafiya gabas neman karatu, akwai zumunci. Amma a ce mutum ya tara kuɗi ya tafi wata uwa duniya don ya leƙi zaki yana barci, ya dawo hannu rabbana, wannan sai an yi masa bayani. Ita kanta kalmar "safari" da masu yawon buɗe ido ke taƙama da ita, Suwahili ce da aka aro daga Larabci, uwa ɗaya uba ɗaya da "safara" tamu. Sai dai su can tafiya kawai take nufi, mu kuwa sai an haɗa da kaya da riba.

Mu goma sha biyar ne a majalisarmu muka ɗaga hannu. Tsarin a takarda ba shi da wuya: a tashi daga Kano, a canza jirgi a Adis Ababa, a sauka filin jirgin Kilimanjaro, a kwana Arusha. Daga nan gandun dajin Tarangire, sai Serengeti, sai ramin Ngorongoro, sannan ƙaramin jirgi ya kwashe mu zuwa tsibirin Zanzibar mu wanke ƙura a Tekun Indiya. Kwana goma. Shiryawa kuwa wata bakwai ya ci, domin kowa da irin amsar da ya tanadar wa tambayar Hajiya, kuma duk sai da aka cusa amsoshin a cikin mota ɗaya.

Na farko shi ne Sakatare. Babu wanda ya naɗa shi, washegarin maganar kawai muka wayi gari ya buɗe mana zaure a WhatsApp, ya sa hoton giwa, ya turo dokoki tara. Shi hutu a wurinsa aiki ne da aka canza wa ofis. Jadawalinsa na farko na nan a wayata: ƙarfe 6:40, zaki; 7:05, damisa; 7:30, karin kumallo; 8:15, karkanda "in an makara a haɗa da ɓauna". Da aka ce masa, "Yallaɓai, ka sanar da damisar kuwa?" sai ya ce ba ya son wasa a kan abin da ya shafi lokaci.

Amma a yi masa adalci, ba don shi ba da babu wanda ya wuce filin jirgi. Shi ya tono cewa mai fasfon Najeriya ko Nijar ba a buga masa bizar Tanzaniya a wurin sauka kamar yadda ake yi wa Bature. Sai ya nema tun daga gida, ya jira amincewa daga can, abin da kan ɗauki makonni. Shi ya kora mu rigakafin shawara kamar awaki, yana nanata cewa katin nan mai ruwan ɗorawa ba ya aiki sai allurar ta kwana goma a jiki. Shi ya gano cewa tun watan Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo inshorar dala 44. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi kuwa ya fafe namu har sun kusa hujewa.

Inda ƙasa ta kayar da shi shi ne agogo. Ya san sun riga mu da awa biyu, ya kuma haddace ƙirgan Suwahili daga ɗaya zuwa ashirin. Da direba ya ce masa gobe za a fita "saa kumi na mbili", sai ya rubuta ƙarfe goma sha biyu, ya yi mana albishir ɗin barcin safe. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i: ƙarfe bakwai na safe shi ne ɗayansu, sha biyunsu kuma shida na asuba. Da duku-duku direba ya zo yana buga ƙofa, Sakatare ya fito da gajeren wando da jadawali a hannu yana neman ya yi masa gyara.

Sai Mai Lissafi. Wannan bawan Allah ba ya jin farashi ya bar shi yadda yake. Dala sai ta koma naira, naira ta koma buhun shinkafa, shinkafa ta koma fili a bayan gari. An ce shiga Serengeti ya haura dala 70 a kan kowane mutum a kowace rana, sai ya ce, "Wato kullum zan ajiye wa kura buhun shinkafa." An ce kowace mota sai ta biya kusan dala 300 kafin ta gangara ramin Ngorongoro, ya ce, "Ramin ne za a ba mu ko kallonsa?" Da wani ya kawo maganar shiga balan-balan ɗin nan da ke shawagi da mutane a saman daji da sassafe, aka ce ya fi dala 500 na awa guda, bai ce uffan ba, sai ya fita daga zauren. Sakatare ne ya maido shi da daddare.

Tun da aka saki naira ta yi iyo a 2023 ba ya barci sosai. Kullum da safe sai ya turo mana farashin canji kamar mai sanar da rasuwa. Shi ne ya gyara karin maganar mutanen Kano ya ce hangen dala ba shiga Zanzibar ba. Kuma shi ne ya zo da dabarar a tafi a watan Afrilu, wai ya ga masauki ya karye da kusan rabi. Gaskiya ne ya karye, saboda daga Maris zuwa Mayu ne babbar daminarsu: ciyawa ta yi tsawon da za ta ɓoye zaki da iyalansa, hanya ta zama kunu, wasu masaukai ma rufewa suke yi. Araha ba ta ado.

Babban ciwon zuciyarsa shi ne da ya ga 'yan Gabashin Afirka na biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba da kuɗin shilin, shi kuwa an jera shi layi ɗaya da mutumin Amurka. Har takarda ya so ya rubuta. "Ni ba ɗan Afirka ba ne? Ku dubi fatata!" Aka ce, Alhaji, ba fata suke dubawa ba, fasfo ne. Ya ce to da Nyerere, shugabansu na farko, na da rai da ba a yi haka ba.

Gwanin Yankari bai da doguwar magana, jimla ɗaya gare shi: "Ai akwai a Yankari." Giwa? Akwai a Yankari. Ɓauna? Akwai. Ruwan wanka? Wane teku ne ya kai Wikki, ruwa garai-garai mai ɗumi, digiri 31 dare da rana, babu gishiri babu igiya? A nan ina tare da shi, kuma abin kunya ne a ce cikinmu mu goma sha biyar mutum uku ne kacal suka taɓa taka gandun da aka buɗe wa jama'a tun 1962, ga shi nan a Bauchi, tafiyar yini ɗaya. Matsalar ita ce shi ma rabonsa da wurin tun yana sakandare, kuma abin da ya fi tunawa shi ne birin da ya fizge masa burodi. Da aka ce to shi ke nan, a fasa Tanzaniya a tafi Yankari ƙarshen wata, sai ya ce zai duba. Muka kawo maganar jakin dawa dubu ɗari biyu a fili ɗaya, ya yi shiru, can ya ce jaki dai jaki ne ko an yi masa fenti.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne Masanin Talabijin. Shekara ashirin yana kallon tashoshin namun daji bayan sallar isha'i, ya san sunan kowane kogi, yana magana da irin muryar nan ta ƙasa-ƙasa ta masu sharhi. Shi ya fara ba mu labarin dabbar da suke kira nyumbu, wadda Hausa ba ta raɗa wa suna ba don ba ta taɓa ganinta ba: kai na sa, gemu na bunsuru, jela ta doki, kamar an haɗa ta da ragowar kayan aiki. Sun fi miliyan ɗaya, kuma duk shekara suna zagaye tsakanin Serengeti da Masai Mara ta Kenya suna bin ruwan sama da sabuwar ciyawa, tamkar Fulanin da ba su da ardo.

Buƙatarsa ba ta da yawa. Yana son ya ga suna haihuwa, ya ga suna tsallaka kogin Mara kada na cafke su, duk a cikin kwana ukun da za mu yi, kuma wai a tafi a watan Disamba lokacin hutun yara. Sakatare ya yi masa bayani da taswira: haihuwa a kudu ake yi, wajen Ndutu, daga ƙarshen Janairu zuwa Maris, tsallaken kogi a can arewa ne, daga Yuli zuwa Oktoba, tsakanin wuraren biyu tafiyar yini ce, tsakanin lokutan biyu kuwa watanni ne. Ya ce shi dai a talabijin cikin awa ɗaya aka yi duka, har da talla. Bai taɓa kawowa a ransa cewa mai ɗaukar hoton wata da watanni ya yi a cikin mota yana cin wake na gwangwani kafin ya sami minti biyun nan ba.

Da Allah ya kai mu, muka tarar da zakuna bakwai a gindin wata bishiya. Awa ɗaya da rabi muka yi a kansu. Ɗaya ya ɗaga kunne, ɗaya ya yi hamma, wata ta juya ta ba mu baya. Zaki kan kwashe har awa ashirin a rana yana kwance, abin da Masani ya sani sarai amma ya ɗauka na wasu zakunan ne. Ya leƙa ta rufin mota ya ce wa direba, "Malam, ba za ka ɗan yi masu hon ba?" Direba ya ce in ya yi, lasisinsa ne zai tashi, ba zaki ba.

Shi kuwa Ɗan Safara shi kaɗai ne iyalinsa ba su yi masa tambayar Hajiya ba, don kowa ya san abin da zai je yi. Tun ranar farko tambayarsa ita ce, "Me ake kaiwa, me ake kawowa?" Ya ji cewa Zanzibar da 'yar'uwarta Pemba gidan kanumfari ne tun zamanin sarakunan Oman da suka maido fadarsu can a ƙarni na 19, sai idonsa ya yi haske. Ya ji labarin wani shuɗin dutse mai suna tanzanait da ba a haƙo shi ko'ina a duniya sai kusa da Arusha, ya tambayi nawa mudu. Ya shirya tafiya da kilishi da turaren wuta da huluna zanna-bukar guda arba'in. A dajin ma bai huta ba: kowa na kallon giwa, shi yana kallon shanun makiyayan Masai yana kiyasta kuɗinsu a kasuwar Wudil. Sau ɗaya ya buɗe baki zai yi tambaya a kan haure, Sakatare ya toshe masa baki da hannu ya ce in yana son ya ga 'ya'yansa kafin su yi aure to ya haɗiye ta.

Abin da ya karya masa jari shi ne sikeli. Ƙananan jiragen da ke tashi daga dajin kilo 15 suke yarda da shi, kuma a jaka mai laushi, ba akwati mai taya ba. Wannan doka ita ta haɗa shi ƙawance da uwargidan Sakatare, wadda ita ma ta shiga tafiyar da sharaɗin ba za a kashe ta da abincin da ba ta san asalinsa ba. Kayanta sun haɗa da yaji, daddawa, man shanu, garin kunu, dambun nama, kuɓewa busasshiya da garin kuka. Kowane ƙulli a cikin leda, ledar a cikin wata leda. Mijin ya ce, "Hajiya, ƙasar nan fa ta haramta leda tun 2019, a filin jirgi ake karɓewa." Ta ce to su da me suke ƙulla abu? Kwana biyu ta yi tana juye kaya a robobi tana Allah wadai.

Garin kukar ne ya fi ba mu dariya. Tarangire dajin kuka ne, manya-manya waɗanda mutum goma ba za su zagaye da hannu ba, giwaye na ɓare musu ɓawo. Ta dube su ta dubi robarta, ta ce, "Duk wannan arziki, ba mai miya?" Amma fa a kwana na huɗu, da aka kawo mana ugali, tuwon masararsu, da wani ganye da aka dafa ba gishiri ba yaji, duk wanda ya yi mata dariya sai da ya miƙa faranti yana "Hajiya, a taimaka." Ta taimaka, amma sai da kowa ya maimaita abin da ya faɗa a Kano.

A kan tufafi ma an yi. An ce a guji baƙi da shuɗi mai duhu, domin su ne launin da ƙudan tsando ke bi. Har ƙyallaye masu wannan launi ake ratayawa a bishiyoyi a matsayin tarkonsa. Wani daga cikinmu, wanda zan kira Ango don kullum haka yake fita, ya ce shi ba zai je ƙasar mutane ya yi shigar mafarauta ba. Ya ɗinka shadda shuɗiya, ta sha aiki, ta sha guga. Ango ba dabbobi ya je gani ba, zuwa ya yi dabbobi su tsaya a bayansa. Duk hotunansa fuskarsa ce ta cika, can a lungu ka ga wani abu kamar wuyan raƙumin dawa. Tsando kuwa ya karɓe shi hannu bibbiyu, ta cikin shaddar.

Ustazu na daban ne, kuma shi na fi so. Bai ce kada a je ba. Ya ce tafiya a bayan ƙasa don ganin ikon Allah abu ne mai kyau, da haka ya sama wa kansa dalili mafi ƙarfi a cikinmu. Sai dai tambayoyinsa sun fi na jami'in biza. Wa ke yanka naman? In an hana fita daga mota a daji, ina za a yi azahar? Ya halatta a yi taimama da ƙurar da ke kan kujera? Ya zauna ya tsara mana ƙasaru da haɗa salloli, ya sa aka rubuta wa masu masauki cewa a kwashe kwalaben da ke cikin firijin ɗaki kafin mu iso. A kan bakin teku kuwa ya yi mana nasiha ta musamman game da kame ido, ya kuma sayi baƙin tabarau, wanda har yau ake gardama a majalisa kan ko don kada ya gani ne ko don kada a ga yana gani.

Daren farko a Arusha ya fito tsakar masauki, ya tuna inda rana ta faɗi, ya juya mata baya, ya shimfiɗa darduma. Wani dattijo mai gadi ya matso a hankali ya yi masa sallama, ya kama gefen dardumar ya juya ta hagu. Ustazu ya maido ta. Dattijo ya sake juyawa. Mu da muka tashi muna cewa "fuskanci gabas" in muna nufin alƙibla, ba mu taɓa tunanin akwai ƙasar da Makka take arewa da ita ba. Zanzibar ma kusan saitin Makka take, miƙe sak. Ustazu ya ciro waya ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya kama hannun dattijon da hannu biyu. Daga baya ya ce mana a ransa dai har aka sallame ji yake kamar Katsina ya fuskanta.

A Zanzibar kuwa shi ya fi kowa sakewa. Garin Musulmi ne, masallaci a kowane lungu na tsohon birnin da suke kira Mji Mkongwe, maza da farar jallabiya da hula, yara na dawowa daga islamiyya. Ya gano suna cewa habari inda muke cewa labari, sabuni inda muke cewa sabulu, dunia kuwa duniya ce. Ya bar mu a bakin ruwa ya bi limamai, ya dawo yana mana bayanin bambancin Shafi'iyya da Malikiyya. Abu ɗaya ya ƙi: a kasuwar dare ta Forodhani an miƙo masa wani abin ruwa mai ƙafa takwas da suke kira pweza, an gasa shi a tsinke kamar tsire. Ya ce ya san halal ne, amma ba kowane halal ne ya wajaba a kansa ba.

Akwai kuma tagwaye biyu da ba sa rabuwa, Matsoraci da Jarumi. Matsoraci tambayarsa ɗaya tun da ya ji cewa a tanti za a kwana a Serengeti, kuma babu katanga: "Tantin yana da sakata?" Aka ce zif ne. Ya ce, "Zif irin na wando?" Ya karanta duk labarin da aka taɓa bugawa na dorina ta kifar da kwalekwale. Da aka zo zaɓen bakin teku ya yi bincike fiye da Sakatare. Ya gano cewa a arewacin tsibirin, wajen Nungwi da Kendwa, ruwa na nan kusa dare da rana, amma a gabas, wajen Paje da Jambiani, in ruwa ya janye sai ya yi nisan da sai ka yi tafiya kafin ka same shi, har mata su shiga su duba gonakinsu na ciyawar teku. Nan take ya zaɓi gabas. Shi teku da ke tafiya ya ba mutum wuri, shi ne teku mai tarbiyya.

Jarumi kuwa jikan maharbi ne, in ji shi. Kakansa ya taɓa kama kura da hannu. Maganin zazzaɓin cizon sauro? Shi da sauro tare suka girma. Rigar sanyi? "Haba, Afirka ce fa." Ba wanda ya iya fahimtar da shi cewa bakin ramin Ngorongoro ya haura mita 2,000 a sama, kuma watannin Yuni zuwa Agusta su ne hunturunsu tun da suna kudu da tsakiyar duniya. Inda babu ƙasa ake gardamar kokawa. Da asubar da za mu gangara ramin, mai zurfin kusan mita 600, hazo ya rufe ko'ina, sai ga jikan maharbi ya fito naɗe da bargon Masai ja, a kansa kuma mayafin uwargidan Sakatare. Daren da kura ta yi kuka a bayan tanti kuwa, Matsoraci barcinsa ya sha, don ya riga ya gama jin tsoronsa tun a Kano. Jarumi ne aka ji yana karanta duk abin da ya haddace, har da addu'ar shiga kasuwa.

Na bar babbansu a ƙarshe: Ku-sa-da-ni. Shi ya fi kowa magana a zaure. Shi ya ƙi masaukin farko don ba shi da wurin ninkaya, shi ya sa aka canza ranar tafiya sau biyu, shi ya dage sai an ƙara tsibirin Changuu don a ga manyan kunkurun nan da suka haura shekara ɗari. Ranar biyan kafin alƙalami ya ce manhajar bankinsa ta ƙi buɗewa. Mako na biyu ya ce ana bin sa wani kuɗi, yana nufin shi ke bin wani. Mako na uku wayarsa ta faɗa ruwa, amma daga cikin ruwan ya turo shawara a kan irin motar da ta kamata a ɗauka. Irinsa biyar muka samu, kowanne da salon zamewarsa: mai bikin ƙanwa, mai taron ofis, wanda maigidansa bai sa hannu ba, wanda uwargida ta ce in dai bakin teku ne to ƙafarta ƙafarsa. Shi dai na asalin bai taɓa cewa ya fasa ba. Har muna cikin jirgi ya rubuto, "Ku yi gaba, ina nan tafe." Ranar da muka dawo shi ya fara zuwa tarya, ya karɓi tsarabarsa, ya kuma nuna mana kurakuran da muka yi a tsarin.

Ni kuma dalilin da na ba kaina shi ne wai zan yi rubutu, don haka duk abin da na ci bincike ne.

Da na je gaida Hajiya na kai mata zanen kanga biyu da ƙullin kanumfari, na buɗe waya ina nuna mata hotuna. Ga giwa, ga teku, ga ƙofofin katako masu ƙusoshin tagulla. Ta ce ina zakin? Na nuna mata ciyawa, na buɗa hoton da yatsu biyu har wani abu mai ruwan ƙasa ya bayyana, na ce kunnensa ke nan. Ta ɗaga wayar kusa da ido, ta nisanta ta, ta miƙo mini. Sannan ta kwance ƙullin kanumfarin ta shinshina, ta tambayi nawa na saya. Na yi lissafi na faɗa mata da naira.

"Kasuwar Kurmi ya fi sauƙi," in ji ta. Ta ƙwalla wa jikarta kira ta zo ta kai shi kicin.